Zuwa Ga Bawana Bakano, Mai Kwamfuta Mai Zazzaɓi

Bawana Bakano, barka da sauka a ƙasar iyayen gidanka. Labari ya iso mu nan Birni cewa tun da ka sauke kaya a Zango kake zagaya Kasuwar Dole kana ɓata mana suna. Wai zafin Damagaram ya kwantar maka da kwamfuta: fanka na ta gurnani, batir ba ya kai azahar, in ka danna abu sai an sha shayi an wanke kofi kafin ya buɗe. Zafi kam akwai shi, a watan Afrilu yakan haura digiri 40, ba mu musa ba. Amma a cikinsa ɗaliban jami'armu suke aiki da nasu kwamfutocin, ba mu ji kukan kowa ba sai naka. Ciwon nan daga gida ka taho da shi, kuma sunansa haɗama.

Ko ban leƙa ba na san abin da ke cikin Chrome ɗinka. Shafin farashin shadda a Kantin Kwari, shafin canjin naira da sefa, Facebook, WhatsApp, ga fina-finan Kannywood da ka dakatar a YouTube tun kana Kano, ga wani shafin ƙwallo mai tallace-tallacen da ke kunna kansu. Ba ka rufe ko ɗaya ba, don Bakano ba ya sakin abin da ya shiga hannunsa. To burauzar zamani kusan kowane shafi aikinsa daban take ware masa, kowanne kuma yana jan rabonsa daga ƙwaƙwalwar na'ura, wadda masu gyara ke kira CPU. Ka ɗora wa jaki ɗaya kayan ayari guda, ya durƙushe, ka ce laifin rana ne.

Tun da haƙƙinka yana wuyana, ga magani. Kana cikin Chrome, danna Shift da Esc tare. In kwamfutar aro ce ta ɗan garinmu mai rubutun Faransanci, Maj da Échap za ka nema, kada ka tsaya kana zare ido. Wani ɗan allo zai fito da sunan kowane shafi da abin da yake ci. Danna kan layin CPU, mafi ci zai hau sama. Wanda ka ga ya tsaya a sama alhali ba ka amfani da shi, zaɓe shi ka kashe. Sau da yawa nan take za ka ji fanka ta yi shiru. Firefox ma tana da irin wannan allo, sai ka rubuta about:processes a wurin adireshi.

In gurnanin bai daina ba, sai mu zo kan babban aibinka, son banza. Duk ƙananan manhajojin nan da ake liƙa wa burauza, mai sauko da bidiyo kyauta, mai VPN kyauta, mai alkawarin rangwame, ka kwashe su duka don an ce ba a biya. Gwajin mai sauƙi ne: danna Ctrl da Shift da N, taga ta sirri za ta buɗe, a cikinta waɗannan manhajoji ba sa aiki sai in kai ka ba su izini. In kwamfuta ta huce a can, ɓarawon yana cikinsu. Kashe su duka, ka riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya har ya tona kansa. Kada ka ɗauka wasa nake yi da na ce ɓarawo. A 2017 aka fito da Coinhive, wanda wasu suka riƙa cusawa a shafuka da manhajoji don haƙar kuɗin intanet na Monero da ƙarfin kwamfutocin mutane ba da saninsu ba. An rufe shi a 2019, amma sana'ar ba ta mutu ba. Ka duba abin kunya: ɗan kasuwar Kano yana yi wa wani ƙato dako kyauta, da batirinsa da datarsa.

Sauran ƙanana ne. A saitin Chrome kunna Memory Saver, wanda aka ƙaro a ƙarshen 2022, yana sa shafukan da ka bari su yi barci. Ka tabbata saitin da ke miƙa aikin bidiyo ga katin hoto a kunne yake, in kuwa bayan kunna shi abin ya ƙaru, kashe ka gwada. Ka sabunta burauzar, ko da yake in har Windows 7 kake riƙe da ita don rowa, Chrome ɗinta ya tsaya a kan lamba 109 tun farkon 2023.

Abu ɗaya na yarda namu ne, ƙurar hunturu. Tana toshe ramukan iska, na'ura ta yi zafi, ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Kai wa mai gyara ya buɗe ya hure, ka daina ɗora ta a kan katifa, kuma ka biya shi ba tare da yana “albarka” kana “rage mini” har la'asar ba.

In ka ƙi ji, ka tuna da wa kake magana. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birnin nan da ganuwa, maƙeranmu igwa suke zubawa. A 1898 Sarki Amadu Kuran Daga ya kai muku ziyara har Gezawa, kakanninka sun ba ka labari in ba su ɓoye ba. Gyaran burauza ba zai gagare mu ba. Ka rufe shafukan nan, ka shigo Birni da goronka na gaisuwa, kuma fari nake so.