Masu Neman Abokai a Tamale

Da ƙarfe biyar na yamma titin Bolgatanga kan cika da babura da kekunan nan masu ƙafa uku da ake kira yalo-yalo. Ɗan gari ya san inda ya nufa: akwai gaisuwar mutuwa a Sakasaka, akwai zaman biki a Lamashegu, ga benci na jiransa a gindin darbejiya. Wanda aiki ya kawo shi garin kuwa sai ɗaki da fanka. Irinsa suna da yawa a Tamale: ma'aikatan jinya na Asibitin Koyarwa, malaman jami'ar UDS da aka kafa a 1992, 'yan hidimar ƙasa masu shekara guda, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka yi wa garin yawa har ake masa kirari da hedkwatarsu a Ghana. Abokin aiki kowa na da shi, tunda gwamnati ce ko kamfani ya haɗa. Abokin da mutum zai nemo da ƙafarsa shi ne sai an yi ta maza, kuma kowa da irin tasa mazantakar.

Akwai mai jiran kati. Makaɗan lunsi na kiɗa a bayan tagarsa, an kafa rumfa an tare titi da kujerun roba, shi kuwa yana ciki yana cewa ai ba a gayyace shi ba. Bai gane cewa a ƙasar Dagwamba rumfar nan ita ce katin ba. Matar maigidan haya ta aiko masa da shinkafar suna, ya cinye, ya ba yaro kwano ya mayar ba ko barka. Da dare ya buga waya gida yana ba da labarin cewa mutanen Arewa wuyar sabo gare su.

Maƙwabcinsa ɗan gudun Juma'a ne. Tun azahar jakarsa na ƙarƙashin tebur, kafin la'asar ya hau motar Kumasi, tafiyar kusan kilomita 400. Ya san masu sayar da doya a Kintampo da sunayensu, har yana tambayar lafiyar 'ya'yansu, amma bai san mai shagon ƙofar gidansa ba.

Wanda ya fi ba da dariya shi ne ɗan taron bita. Wannan ya yi niyya tsakani da Allah, har ya rubuta a littafinsa cewa kafin ƙarshen wata uku zai yi abokai biyar. Sai ya nufi majalisar ataya. Duk unguwa a Tamale akwai irin wannan wuri: benci biyu ko uku, 'yar buta a kan kurfoti, samari da magidanta ana gardamar jam'iyyun NDC da NPP, ko halin da ƙungiyar ƙwallo ta Real Tamale United ke ciki, ko kuɗin buhun masara. Shayin kuma zagaye uku ne, na farko ɗaci, na ƙarshe zaƙi, tsakanin kowanne akwai jira mai tsawo, kuma jiran nan shi ne zaman. Gogan naka ya kurɓe na farko, ya duba agogo, ya nemi kowa ya gabatar da kansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambayi maƙasudin haɗuwar. Aka yi tsit. Can wani dattijo da ya sha zuwa tarukan ƙungiyoyi a otal-otal ya gyara hula ya ce, "Maigida, in taro ne, a fara gaya mana nawa ne kuɗin mota." Har yanzu ba a san sunansa na yanka a majalisar ba, Kuɗin Mota ake kiransa. Abin da bai lura ba shi ne, daga ranar da aka laƙaba masa suna ya zama ɗan gida.

Sai mai "Naa". An koya masa cewa in aka ce "Dasiba" da safe, amsar ke nan, shi kuma ya riƙe ta ƙam. A gaishe shi, Naa. A tambaye shi ina ya fito, Naa. Mai kifi ta faɗi kuɗi ninki biyu, Naa. Ya ga Dagwamba na durƙusa wa manya, shi ma ya durƙusa gaban wani tsoho da matsattsen wandon ofis, aka ji ƙara. Duk da haka, in za a yi adalci, ya fi na bayansa nisa, don mutanen garin na son wanda ya yarda a yi masa dariya.

Bahaushen da ya zo daga Kano ko Maradi shi ya ɗauka ba ya bukatar wani ƙarfin hali. Ga Zango, ga masallaci, ga koko da ƙosai da safe. Matsalarsa baki. Hausar Ghana ba ruwanta da bambanta mace da namiji, shi kuma da ya ji an ce "matata ya tafi kasuwa" sai ya tsaya gyara. A kawo masa tuwon zafi da miyar ayoyo, ya fara tarihin yadda ake tuƙa tuwo a gidansu. Bayan mako biyu sai ya ga in ya doso an juya hira zuwa harshen Dagbani.

Akwai kuma wanda ya wuce gona da iri. Ya sayi batakari mai faɗin gindi, watan Maulidi na kamawa ya shiga rawar Damba yana juyi har jiri ya ɗebe shi. Daren bikin wuta na Bugum ya ɗauki wutar kara a gaba-gaba, ya ƙona gefen rigar. Asabar da asuba yana cikin masu gudun motsa jiki wajen filin wasa na Aliu Mahama, wanda aka gina don gasar cin kofin Afirka ta 2008. Ya shiga adashi uku, waɗanda a nan ake kira susu, da rukunin WhatsApp huɗu, kowanne da gudummawar biki da ta rasuwa. Goma ga wata albashi ya ƙare a MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Abokai kam ya samu, yanzu dabarar ɓuya yake koya.

Ta ƙarshe wata ma'aikaciyar jinya ce irin waɗanda ake turowa daga kudu. Ta shekara daga aiki sai ɗaki. Abin da ya fara ba ta haushi shi ne ganin matan Tamale a kan babur, da mayafi, da goyo, da kwandon kaya a baya, alhali ita tana tsaye a rana tana jiran yalo-yalo. Ta sayi nata, ta koya a bayan gida tana faɗuwa. Ranar da ta fara fita da shi ya mutu mata a bakin kasuwar Aboabo. Kafin makaniki ya zo wata Hajiya mai sayar da man kaɗanya ta ba ta kujera da ruwa, ta kuma tatse ta tas: garinsu, iyayenta, dalilin da har yanzu ba ta yi aure ba. Washegari ta koma godiya, kuma a nan ne ƙarfin halin yake, don godiyar kwana ba wanda ya tilasta mata. Yanzu in ta yi kwana biyu ba ta leƙa ba sai waya ta yi ƙara.

"'Yata, an mayar da ke Akara ne ba sallama?"

"A'a Hajiya, aikin dare nake."

"To ki yi barci ki tashi. Jibi sunan jikana, ke za ki ɗauko mai kitso a babur ɗinki."