Zauna In Karantar Da Kai, Sarkin Manja

Sarkin Manja, bawan Gobirawa, barka da hutawa. Na ce hutawa ne don ban taɓa jin ka yi wani aiki da ya wuce kai lomar amala daga kwano zuwa baki ba. Labari ya iso mini cewa yanzu ka zama malamin kokawa a ƙofar shagonka, kana tara yara kana nuna musu waya, wai ga jerin gwanayen duniya, 'yar garinku ta taɓa hawa lamba ɗaya, don haka Gobirawa su kama bakinsu. To, Odunayo Adekuoroye dai 'yar Ondo ce, kai kuwa kakanka daga Ogbomosho ya taho da ƙullin kaya a ka. Amma na bar maka, ai duk namu ne. Baiwar Allah ta yi abin a yaba: azurfa a gasar duniya ta 2017 a Paris, zinare uku a wasannin Commonwealth. Abin da ba zan lamunta ba shi ne ka hau kan guminta kana tinƙaho, alhali ko yadda ake haɗa lambar ba ka sani ba. Gyara zama. Kyauta zan koya maka, ubangida ba ya karɓar kuɗin bawansa.

Littafin da ake haɗa lambar yana hannun hukumar kokawa ta duniya, United World Wrestling, mai mazauni a Suwizalan. Ba ƙarfin damtse take aunawa ba, maki take tarawa, kuma ba a ko'ina ake samun makin ba. Akwai Olamfik, akwai gasar duniya, akwai gasar nahiya irin tamu ta Afirka. Sai wasu 'yan gasanni da hukumar ta ware tun 2018 musamman don wannan lissafi, galibi huɗu a shekara, a birane irin su Zagreb da Budapest, an kuma yi a Iskandariyya ta Masar a 2023. Zinaren gasar duniya maki 45,000 ne, na nahiya 10,000, na waɗancan gasannin 8,000, sannan a yi maka ƙari idan 'yan kokawar da suka shiga rukuninka suna da yawa. Na san lissafi ba ya ba ka wuya, mutumin da ke ƙirga canji sau uku kafin ya miƙa wa yaro.

Kamar adashi abin yake, wanda ke zubi shi ke kwasa. In ka kayar da ƙarti ɗari a filin da ba ya cikin littafin, ko maki ɗaya ba ka da shi. Zubin kuma ba da baki ake yi ba, sai da kuɗin jirgi da biza da masauki. Wanda ƙasarsa ke iya tura shi yawo sai ya yi ta tarawa, wani gwanin kuma yana gida yana atisaye, sunansa na can ƙasan jeri, ranar da aka haɗu ya juye na saman. Kada ka yi saurin washe baki don ka ji babu Bagobiri a jerin. Kokawarmu ta ƙasa, mai kiɗa da kirari da layu, ba ta cikin wannan littafi ko kaɗan. Ko wanda ya ɗauki Takobin Nijar ba a rubuta masa komai a can.

Ga inda ya shafe ka kai tsaye, Baban Tumbi. Makin na rukunin nauyi ne, ba ya bin mutum. Kowane salo yana da rukuni goma, shida daga ciki ake yi a Olamfik. Ka tara abinka a kilo 57, ka koma 62, to ka baro dukiyarka a baya, sai ka sake sabon zubi. Rukunin ƙarshe na maza kilo 125 ne, a salon Girka da Rum kuma 130. Na duba, na sake dubawa, ban ga inda za a saka ka ba. Ba zagi ba ne, wallahi tausayi ne.

To me lambar ke saya wa mai ita? Wuri a jadawali, shi ke nan. Ba ta ba ka tikitin Olamfik, wannan sai an je gasannin neman gurbi, kuma gurbin na ƙasa ne, ita ke zaɓar wanda za ta tura. Abin da take yi shi ne raba manya kada su cinye juna tun da safe. A Olamfik ta Tokyo huɗun farko aka ware, a ta Paris takwas. Na ɗaya a wannan gefe, na biyu a wancan, ba za su gamu ba sai a karon ƙarshe. Sauran kuwa ƙuri'a ce ke jefa su inda ta ga dama.

Ƙuri'ar nan ce ta yi aika-aika a Paris a 2024, a kilo 50 na mata. Yui Susaki ta Japan ce lamba ɗaya. Ta ci zinare a Tokyo ba tare da an ci ta ko maki ɗaya ba, kuma babu wata 'yar wata ƙasa da ta taɓa kayar da ita. Vinesh Phogat ta Indiya kuwa daga kilo 53 ta sauko, ba ta cikin takwas ɗin da aka ware, sai ƙuri'a ta haɗa su a zagayen farko. Susaki na gaba da maki biyu, lokaci na shirin cika, Vinesh ta kutsa ta kai ta ƙasa, aka tashi 3 da 2. Ta ci gaba har ta kai karon ƙarshe. Amma kokawar kwana biyu ake yi, kuma kowace safiya sai an hau sikeli. Ta kwana tana tsalle tana zubar da gumi, har gashinta aka rage, da gari ya waye aka sami ƙarin giram 100. Aka cire ta, babu zinare babu azurfa, ta kai ƙara kotun wasanni aka yi watsi da ita. Susaki kuma ta tsira da tagulla, don dokar ta ce wanda ya faɗi a hannun mai zuwa karon ƙarshe ana sake ba shi dama. Giram 100, Alhaji! Ko naman da ke maƙale maka a haƙori bayan ka gama da kan saniya ya fi haka.

Na san za ka kawo mini Blessing Oborududu da azurfarta ta Tokyo. Kada ka soma, 'yar Bayelsa ce, ba ka da gado a nan.

Ranar Juma'a ina tafe. Ka ce wa uwargida ta rage barkono, ba yaƙi na zo yi ba. Na yi magana da masu sikelin buhu na kasuwar hatsi, sun ce za su auna ka, amma sai ka ajiye kuɗin gyara tukuna. Ina jiran amsarka, in ka samu wanda zai rubuta maka.