Alhaji, Rage Rediyon Mu Ji Giya

Na san abin da za ku ce tun ban buɗe baki ba. Ku mutanen Illela ne, kuna bakin boda, Ƙonni na nan kusa kamar a miƙa hannu, kun ga motoci iri-iri tun wasunmu ba su san bambancin totur da birki ba. To madalla. Amma ku amsa mini wannan: ranar Lahadi in kun shiga kara sayen sa, sai kun buɗe bakinsa kun duba haƙora, kun sa an kora shi kun ga tafiyarsa. Me ya sa in aka zo kan motar miliyoyin naira sai ku shafa fenti, ku doki taya da ƙafa, ku ce Allah ya sa albarka?

"Wagga mota Beljiyam ce, lahiya lau take." Ranka ya daɗe, Beljiyam suna ne kawai. Mota ta yi shekara 15 tana yawo a ƙasar da ake watsa wa tituna gishiri lokacin ƙanƙara, ta hau jirgin ruwa ta sauka Kwatano, sannan direba mai sauri ya koro ta har arewa. Gishirin nan yana cin bututun man birki daga ƙasa, inda fenti ba ya kaiwa. Kuma tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ko buɗe bodar Illela da aka yi a Disambar 2020 bai ɗage wannan ba. Saboda haka takardar kwastan ma abar dubawa ce, amma wannan zancen wata rana ne.

Dillali zai ce ka zo da hantsi. Kai kuma je ka da sassafe, ka ɗora hannu a kan bonet. In ka ji ɗumi, an riga ka. Giyar da ta gaji tana tona kanta ne in ta kwana ba a tashe ta ba, shi ya sa mai wayo yake zagayawa da motar kafin ka iso. Kana shiga kuma zai ƙure maka rediyo, wai ka ji daɗin sauti. Ce masa ya rage. Ba waƙa ka zo saye ba.

In otomatik ce, taka birki ka sa ta a D. Ya kamata ta kama nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Mayar da ita ribas. In sai ta yi dogon tunani sannan ta buga "gum" har ka girgiza a kujera, akwai magana. Zaro sandar awon man giya, in motar tana da ita, ka goga a farin ƙyalle. Lafiyayyen mai ja ne, garau. Wanda ya yi baƙi yana ƙaurin ƙonewa yana gaya maka farantan ciki sun sha wuta. In kuwa ya yi fari-fari da kauri, ruwan lagireto ne ya kutsa ciki, sai ka yi sallama ka tafi abinka. Wani zai ce ai sabon mai aka zuba jiya. To me ya sa jiya? Tambaye shi, ka kalli idonsa. Ka kuma tambayi wane iri aka zuba, domin giyar CVT tana da nata man na daban, in aka ɗura mata na gama-gari ta kama hanyar lahira.

Masu manuwal na ji kuna dariya, wai ku wannan bai shafe ku ba. Malam, ja birkin hannu, sa giya ta uku, saki kuloci a hankali. Injin ya kamata ya mutu. In ya ci gaba da gurnani kamar ba abin da ya faru, kulocin yana zamewa, kuɗinsa kuma daga aljihunka zai fito.

"Mu dai birki in ya kama shi ke nan." Wannan maganar ta fi ba ni tsoro fiye da ta giya, domin giya aljihu take ci, birki kuwa wuya. Kafin ka tashi injin, tattaka birkin har ya yi tauri, riƙe shi, sannan ka murza makulli. Zai ɗan sauka kaɗan, alamar abin da ke ƙara masa ƙarfi yana aiki. Ci gaba da dannewa kamar rabin minti. In yana nutsewa a hankali zuwa ƙasa, mai yana zurarewa ta wani wuri ko masta ta gaji. In yana laushi, iska ce a bututu. Man birkin kansa yana shan danshi: sabon DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha danshi kuwa a wajen 140 zai iya tafasa. Haɗa wannan da zafin Sakkwato na watan Afrilu da lodin albasa har saman rufi, ka ga inda ƙafa take taka birki ta ji wayam.

Sai fitilar ABS, inda ake yi muku wasan yara. Da ka murza makulli dole ta kama, bayan ɗan lokaci ta mutu. In ba ta kama ba sam, kada ka yi murna. Wataƙila an cire ƙwan ne ko an liƙe shi da baƙin tef. Yaron da ke da na'urar nan da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari zai karanto abin da kwamfutarta ta ɓoye, domin motocin kasuwar Amurka tun na 1996 suna da wannan kafar. Kun ce kuɗinsa ya yi yawa? Je ku tambayi farashin giyabos ku dawo mu yi hira.

Zagaye bayan tasha ba gwaji ba ne. Hau titin Gwadabawa, ka bar ta ta canza giya har ta ƙarshe. In ƙarar injin na hawa amma gudu bai ƙaru ba, giya na zamewa. Inda hanya ta yi fili babu babur babu jaki, taka birki da ɗan ƙarfi. Sitiyari na rawa a hannunka? Farantin birki ne bai daidaita ba. Tana ja gefe guda? Birkin ƙafa ɗaya ya maƙale ko ba ya kamawa. Ƙarfe na gugar ƙarfe? Fad ya cinye tuni. Da kun tsaya, kai hannu kusa da kowane wili, wanda ya fi 'yan'uwansa zafi shi ne mai laifin.

Bakanike kuwa ka zo da naka. Wanda dillali ya kira maka ya ce "amini na ne", la'adarsa na cikin cinikin, kuma da safen nan tare suka sha shayi.