Fasto, yaya mai jiki?

Ranka ya daɗe Fasto, Bazazzagina, barka da hidima. Ina gajiya, ina Mama, ina jama'ar ikilisiya? Sai kuma ita mai jiki, wadda ke kwance a gindin mangwaro bayan gidanka, ƙafa biyu a ƙasa, biyu a kan bulo. Da fatan ta samu barci.

Labari ya iso mana Kano cewa ka ci alwashin sai ka tayar da tsohuwar Fijo 504 ɗin nan. Mu Kanawa in ƙarfe ya mutu, a kilo muke ɗora shi, mu karɓi kuɗinmu mu ƙara jari. Ku Zage-zagi kuwa sai ku jawo kujera ku zauna kuna yi masa Turanci. Kowa ya tambaye ka, amsa ɗaya ce: "Ai motana ya kusa tashi." Har gobe ba ku san mace ba ce, ta yaya za ta saurare ku?

An ba ni tsarin makonka kaf. Da asuba addu'ar safe, daga nan gaida marasa lafiya, sai sulhunta mata da miji, Laraba da yamma taron addu'a, Asabar shirya wa'azi. Duk wannan na yarda, aikinka ne, kuma ko maƙiyinka bai ce kana wasa da shi ba. Amma wanda ya zo neman shawara yanzu, ƙafafunka kawai yake tararwa sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Ya durƙusa ya faɗi damuwarsa, ka ba shi haƙuri daga ciki, ka ƙare da cewa ya miƙo maka sifana mai lamba goma sha uku. Mama ta nemi kwanon miyarta ta rasa, ashe yana can cike da fetur, ka jiƙa kusoshi a ciki. Tsohon buroshin haƙorinka ya koma wankin kafireta. Ran Lahadin da ta wuce kuma, an ce da ka ɗaga hannu za ka sa albarka, duk wanda ke layin gaba ya ga shatin babban yatsa na baƙin mai a farar kwalar wuyanka.

Ita motar ban ga laifinta ba, 'yar babban gida ce. A 1968 Faransawa suka fito da ita, shekara na zagayowa aka naɗa ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975 ta lashe tseren Safari a Kenya, a shekarar ce kuma aka buɗe kamfanin haɗa ta a Kakuri ta Kaduna, zamanin Janar Gowon. Na san nan ne kanku ke fashewa, tunda a Wusasa ya tashi, sai ku riƙa ji kamar da ku aka ƙera ta. Ta ɗauki kwamishinoni da manyan sakatarori, mai dogon bayan nan kuma ta yi zamani a tasha, a danna mutane layi uku, a ɗaure buhun masara a but, ta kama hanya ko gezau. Su kansu masu ita sun gaji da ita tun tuni, Kaduna ba ta daina haɗa ta ba sai cikin shekarun 2000. Amma Fasto, kai ne mai karatu. Li'azaru kwana huɗu ya yi a kabari. Wannan rabonta da kwalta tun mulkin soja, har kaza ta yi kwanci a kujerar baya ta ƙyanƙyashe.

Ran Litinin da sauran fastoci ke hutawa, kai kana Panteka kana tonon tarkace. Ka dawo da lagireto a buhu, a cika masa ruwa, ya yi ta hawaye ta wuri uku. Kuma na ji yadda kake ciniki: a faɗi kuɗi, ka biya, ka ɗora da addu'a kyauta. Don Allah ka daina ba mu kunya. Ka zo Kofar Ruwa ka tsaya a bayana, ka rufe bakinka, ka ga yadda ake taya kaya har mai shi ya ce sallama yana share gumi.

Samarin ƙungiyar mawaƙa ma sun aiko da kuka. Da an tashi sujada, kafin su kai bakin ƙofa ka tare su: a sauke ta daga bulo, a tura. Ka sa giya ta biyu, ka saki kuloci, ta yi tari sau biyu, salansa ya saki wata ƙara har zumuntar mata suka watse da gudu, sannan ta koma barcinta. Ka fito kana murna wai yau ta amsa. To a ce ma ta tashi, me za ta sha? Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 masu sababbin motoci ke ajiye su suna hawa babur. Ko baikon Lahadi za a riƙa juye mata a tanki?

Na san dalilinka, ba sai ka aiko mini da wa'azi ba. Ƙauyukan da kake zagayawa da damina, hanyarsu ba ta motar gayu ba ce, kuma in naƙuda ta kama wata da tsakar dare, ƙofar gidan fasto ake bugawa. Fijo in ta tsaya a daji, filaya da guntun waya da takardar yashi a goge kwantak sun isa, babu mai cewa sai an jona mata kwamfuta. Wannan kam hankali ne, abin da ya ba ni mamaki daga Zariya ya fito.

Saboda haka ga gayyata. Bayan Babbar Sallah zan aurar da 'yarka, kuma ban yarda ka zo a motar haya ba. Ka ɗauko Mama a cikin Fijo, ka taso tun jajiberi. Na riga na yi magana da wani mai a-kori-kura, zai jira ku a Kwanar Dangora da igiya mai ƙwari. Kuɗin ja kuma kai za ka biya, ni zan yi cinikin.