Yadda Za Ka Gina Shafin da Ba Mai Iya Gyara Shi Sai Kai

Duk mai kula da shafin intanet na wata ƙungiya yana kwana da fargaba ɗaya: ranar da oga zai gane cewa wani ma zai iya aikin. Maganin wannan da sauƙi. Ka raini shafin irin ginin gidan gado, duk ɗan da ya yi aure a manna masa ɗaki a jikin katanga, har baƙo ya nemi banɗaki ya tsinci kansa a madafa.

Fara da lambar wayar ofis. Masu iyayi wuri ɗaya suke rubuta ta, sauran shafuka su ɗauka daga can. Kai ka buga ta da hannu a shafi ɗari biyu. Ranar da aka canja layi, ka samu aikin mako guda, ga kuɗin data. Haka launi da girman rubutu. Tun 1996 aka fito da CSS don a tara kwalliyar shafi a fayil ɗaya, amma wa ya aike ka?

Sunan fayil kuwa, bi sunnar magabata: na_karshe, sai na_karshe_gyararre, sai na_karshe_wallahi. Git ɗin nan da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 ka guje shi, ɗan tonon asiri ne. Yana rubuta kowane gyara da ranarsa da sunan wanda ya yi ɓarnar.

In da WordPress kake aiki, filogin da yawa kyauta ne, don haka kwaso arba'in, uku daga ciki aikinsu ɗaya. Jar alamar da ke cewa a sabunta, ɗauke ta ado. Masu dogaro da Flash ma tun 2017 Adobe ya yi musu shela, suka yi kunnen uwar shegu, sai da aka rufe shi a ƙarshen 2020 aka fara salati.

Ga wadda na fi so. Kada ka damu da UTF-8. Kwafo labarai daga tsohon rumbu ka zuba yadda suka zo, sai kowace ƙ ta rikiɗe ta zama Æ™. Na taɓa ganin sanarwar wata makaranta inda "ƙarin kuɗi" ya fito tamkar rubutun aljanu. Iyaye ba su gane ba, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Kwafin ajiya ka bar shi a kan sabar da shafin yake, su zauna tare kamar tagwaye. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu suka rasa shafi da kwafinsa a dare ɗaya. Amma ai Faransa da nisa.

Kalmar sirri kada ta wuce kanka, kada kuma ka rubuta wa kowa bayanin yadda abubuwa ke tafiya. Rajistar sunan shafin, yi ta da imel ɗin ɗan bautar ƙasar da ya gama tun bara waccan, shi za a riƙa tura wa tunin biya. Ranar da shafin ya ɗauke, wayarka za ta yi ƙara kana tsakiyar walimar ɗaurin auren ƙanenka, loma a hannu.

"Malam, shafi ya mutu."

"Ranka ya daɗe, bari in nemo lambar yaron nan."