Zuwa ga Uwargida, daga Nebraska

Kaka, uwargida ran gida,

Ya ƙafar taki, ya hayaniyar jikoki? Auta, kai da za ka karanta mata, ka ɗaga murya, kuma kada ka tsallake layi don ka ga ta fara zagina.

Mijinki yana nan garin Grand Island yana fama da aikin kamfanin nama. Gari ne a tsakiyar gonaki, duk inda ka waiga masara ce iya ganinka. Ranar Asabar wani abokin aikina, mutumin Sudan, ya ja ni wani gidan tarihi a bakin gari, sunansa Stuhr. A fili yake fetal, sai ka yi ta tafiya da ƙafa. Aka karɓi kuɗinmu a ƙofa muka shiga. Kaka, kin san abin da na biya dala na kalla? Wata baiwar Allah ce ta zuba doguwar riga har ƙasa, da hula mai igiya a haɓa, tana hura wutar itace a murhun ƙarfe. Turawa sun kewaye ta sun yi tsit, kowa ya ɗaga waya. Da wutar ta kama har da masu tafi.

Gari guda suka haɗa, wai yadda garuruwan bakin layin dogo suke a shekarun 1890. Tsofaffin gidaje suka bi suka ɗauko ɗungurungum a bayan mota suka jera: tashar jirgin ƙasa, kanti, shagon huluna, har gidan da aka haifi wani ɗan fim nasu, Henry Fonda, a 1905. A maƙera na fi daɗewa. Maƙerin ya sa ƙarfe a wuta sai da ya yi jazur, ya ciro da awartaki, ya ɗora a uwar maƙera, bugu ɗaya bayani goma. Da ya gama sai ga 'yar ƙugiyar rataya riga. Da maƙerin bayan kasuwarmu ne, da ya fitar da fartanya biyu, ya kuma yi faɗa da mai zuga. A wani gida na ga dutsen guga da fitilar ƙwai an ajiye su cikin mutunci, ba a taɓawa.

To amma ga abin da ya hana ni barci. Jamusawa ne suka kafa garin Grand Island a 1857, 'yan ci-rani irina, Turancin ma bai zauna a bakinsu ba. A 1862 shugabansu Abraham Lincoln ya sa hannu a wata doka: duk wanda ya kai shekara 21, ko yake riƙe da gida, ya zo a yanka masa gona eka 160. Ko baƙo ne, muddin ya rubuta cewa yana da niyyar zama ɗan ƙasa. Sharaɗin kawai ya yi ɗaki, ya noma, ya zauna shekara biyar, kuɗin takarda duka-duka dala 18. Har zawarawa ana ba su da sunansu. Ki duba fa, da a lokacin muka zo ni da ke, eka 320 ke nan, in dai kin yarda kin ɓoye aurenmu a gaban magatakarda. Na matsa kusa da mai yi mana bayani na tambaye shi a hankali ko akwai sauran fom. Ya ce an rufe tun 1976. Ni da nake biyan hayar ɗaki ɗaya kuɗin da zai sayi ɗan maraƙi duk wata!

Gaskiya dai sun sha wuya, ban hana su ba. Filin ba itace, sai ciyawa. Da garma suke yanko ƙasa haɗe da saiwar ciyawar, su jera ta kifa-kifa su yi bango. Matan gida sukan shimfiɗa ƙyalle a ƙarƙashin rufi saboda ƙasa da ɓeraye, wani lokaci har maciji, da ke faɗowa kan abinci. Makamashi kuwa busasshen kashin ɓauna ne da totuwar masara. Mai bayanin ya faɗi haka yana jiran mu yamutsa fuska, yara suka ce wai ƙazanta, ni da mutumin Sudan muka kalli juna muka yi shiru.

Inda na kasa daurewa shi ne labarin fara. A 1874 ta sauko musu ta rufe rana, ta share gonaki tas, mutane da yawa suka tattara suka koma gabas da yunwa. Na ce to nawa suka soya? Ya zaro ido. Wai akwai wani masanin ƙwari, Charles Riley, da ya ba su shawara su ci, amma ba su karɓa ba. Abinci ya sauko daga sama har ƙofar ɗaki, babu mai yaji a garin, babu mai kasko!

Can gefe guda akwai wani katafaren ɗaki zagayayye, an kafa shi da ginshiƙan itace an lulluɓe da ƙasa, da kafar hayaƙi a tsakiyar rufi. Irin na mutanen Pawnee ne, waɗanda Turawa suka tarar suna noman masara da wake da kabewa a wannan yanki. A shekarun 1870 aka kwashe su zuwa inda ake kira Oklahoma yanzu. A cikin ɗakin nan na gane daga ina ake yanko gonar kyauta, sai kwaɗayin eka 160 ɗin ya ɗan ragu mini. Kaɗan dai.

Da aka tashi da yamma na hango mai hura wutar nan a wajen ajiye motoci. Ta tuɓe hular, ta shige wata danƙareriyar mota, ta kunna sanyi ta tafi abinta. Albashi ake ba ta, Kaka. Ke shekara nawa kina wannan aikin kyauta, ba mai tafa miki?

Saboda haka ga shawara. Kada a sake a sayar wa 'yan gwangwan ko tsinke daga ɗakinki. Dutsen niƙa, maburgi, tukunyar da kika ce ta girmi Baba, duk a adana. In na dawo za mu zagaye gidan da sabon danga, Auta ya zauna a zaure da tikiti. Ke za ki daka ki kaɗa nono, ni in tsaya da Turanci ina bayani. Zagi kuɗinsa daban ne. Riba a raba uku, biyu nawa, tunda ni na kawo dabarar.

Na aiko da kuɗin goro ta hannun Yaya, ki ƙirga a gabansa. A gaishe da Inna da su Gwaggo. In an sami mai tahowa a aiko mini da yaji da daddawa, amma ban da kilishi, a filin jirgi suke ƙwacewa.

Naki har kullum,
Angonki na Amurka