Zuwa ga Ɗan Kawu na Safana, mai mota ba rufi

Ɗan Kawu, barka da shan iska. Labari ya iso Batsari tun kafin ƙurar motarka ta lafa: wai tagar saman nan da ka ishe mu da ita ta buɗe ta ƙi komawa. Masu rogon da suka dawo daga wajenku sun ce sun gan ka a hanyar Runka, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya dafe da kwali a ka, hula kuwa tuni iska ta yi gaba da ita.

Ranar da ka kawo motar, 406 'yar Kwatano, ba ka buɗe mana inji ba, ba ka ce a duba taya ba. Sai ka tara mu, ka danna maɓalli, gilashi ya ja baya, ka ce mu dubi sama. Muka duba. Sararin nan dai ne da muke kallo kyauta tun muna yara. Ba zan tambaye ka ta inda ta shigo ba, tunda an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, kuma Jibiya ba ta da nisa. Zan dai tuna maka cewa a Faransa an daina ƙera irinta tun 2004, wato ta girmi ɗanka na fari. Su can rana baƙuwa ce, sai su yi watanni suna marmarinta, shi ya sa suke huda mata ƙofa. Kai da ke zaune inda zafin Afrilu ke haura 40, uban me za ka yi da ƙarin rana?

To, tunda jini ya fi ruwa kauri, bari in taimake ka, ko da yake na san sai ka ce kai ka gano.

Gilashin nan a kan layi biyu yake tafiya, wani ɗan moto ne ke jan shi da wayoyi. Layin giris gare shi. Ka yi hunturu guda kana yawo da shi a buɗe don 'yan mata su gani, ƙura ta shiga ta cakuɗe da giris ɗin, ya zama kamar tuwon da ya kwana. Idan ka danna ka ji moto na gurnani amma gilashi bai motsa ba, ko ya taho ya kusa rufewa ya koma baya, datti ne ya tare shi. Ka samu tsumma da tsohon burushin haƙori, in kana da shi, ka share layin tas, ka sa sabon giris kaɗan. Kaɗan na ce. Kuma ban da man gyaɗa, na san halinku.

Idan kuwa ka danna shiru, ko tari bai yi ba, mai waya za ka nema ya duba fiyus. Abin da ba ya wuce kuɗin shayi, amma in ya ga babbar rigarka zai ce sai an sauke rufin gaba ɗaya an aika Kano. Kafin ka yarda, ka ce ya cire murfin da ke kusa da fitilar ciki. A yawancin motoci akwai wani ɗan rami a jikin moton, a zura alanki a yi ta murzawa a hankali har gilashi ya koma mazauninsa. Abin da ba na so in ji shi ne ka sa yaran gareji sun hau sama suna turawa da ƙarfi. Wayar ta tsinke ko gilashi ya fashe, sai ka zagaye 'yan gwangwanin Katsina kana neman irinsa.

Ga kuma damina tafe. Ko ya rufe, ruwa na ratsawa ta gefen roba, sai wasu siraran bututu a kusurwoyi huɗu su fitar da shi ta ƙasa. Naka na tabbata ƙasar Safana ta cika su. Ka zuba ruwan buta a gefen, ka leƙa bayan taya. In bai sauka ba, a busa su da iska, in ba haka ba ruwan Agusta a wuyan Hajiya zai sauka, kuma a gidanmu za ta kawo ƙara.

An ce wani ya ba ka shawarar ka liƙe wurin da leda da salatif. Wannan mutumin ya san ka. Ni dai nawa, in Allah ya sa ya rufe, a zare fiyus ɗin a ba Kawu ya ajiye a ƙarƙashin filo.

Ladan wannan karatu kuma, ka haɗa da kuɗin sharar bara da ka maƙale, ka kawo mani ranar Alhamis in ka shigo kasuwa. Ka taho da wuri, ka kuma ɗauko lema, don na ga gabas ta fara haɗa hadari.